Gidajen dutse na Kandovan, da maganar ko ya kamata a je Iran don ganinsu

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: ya ga hotunan wani ƙauye a Iran mai suna Kandovan, inda aka sassaƙa gidaje a cikin duwatsu masu tsini, kuma an ce har yau mutane na kwana a ciki. Yana son sanin yadda aka yi su da abin da ya hana su rushewa. Yana kuma sha'awar zuwa, amma a gida wasu na ce masa ƙasar rikici ce, wasu kuma na cewa zuwa can goyon bayan gwamnatinta ne.

Malam, bari mu fara da dutsen, domin shi amsarsa ba ta sauyawa da labaran safe da yamma.

Kandovan yana lardin Azarbaijan ta Gabas, a arewa maso yammacin Iran, kimanin kilomita 60 daga birnin Tabriz idan an bi ta garin Osku. Yana jikin Sahand, wani tsohon dutse mai aman wuta da ƙololuwarsa ta kai mita 3,707, kuma ƙauyen kansa yana sama da mita 2,000 daga doron teku. Ƙidayar 2006 ta sami mutum 601 a gidaje 168. Turkancin Azari suke yi a tsakaninsu, Farisanci kuwa na makaranta ne da ofis. Labarin da suka gada shi ne kakanninsu sun fake a nan kimanin shekara 700 da suka wuce, lokacin da rundunonin Mongol suka mamaye yankin.

Wannan dutsen ba irin na Dutsen Zuma ko duwatsun Jos ba ne, waɗanda diga ke tartsatsin wuta a kansu. Toka ce da tsakuwa mai ramuka da Sahand ya amayo da zafi, suka kwanta a kwari kauri kan kauri, suka dunƙule. Daga baya ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka riƙa bin tsagogi suna cinye wuraren da suka fi laushi, aka bar tsibi-tsibi masu tsini a tsaye. Irin wannan dutsen toka yana da halaye biyu da suka sa ya dace da gida. Na farko, cikinsa da laushi, ƙarfe na yanka shi ba da wahala ba, amma fatar da ta daɗe tana shan iska takan yi tauri ta zama ɓawo mai kare na ciki. Na biyu, cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda sukan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na jikinsa. Waɗannan ramukan su ne alherinsa, domin su ke hana zafi da sanyi ratsawa da sauri. Su ne kuma ajalinsa, domin su ke shan ruwa.

Aikin sassaƙar ba ya buƙatar kaya da yawa: diga mai gajeren ƙota, guduma, ƙarfe mai baki na sara, da kwando na kwashe ɓaraguzai. Ana fara ƙofa ƙarama a gefen da ke samun rana, a bar ta matsattsiya, sannan a faɗaɗa bayan an shige ciki, don bangon gaba ya zauna da kauri. Mai aiki yakan fara da saman ɗakin, ya gama siffar rufin yana tsaye a kan dutsen da bai cire ba tukuna, sannan ya riƙa sauka ƙasa, don haka ba ya buƙatar tsani ko dandamali. Idan dutsen ya yi tauri, sai a ja layi mai zurfi kewaye da guntun da ake son cirewa, a ɓalle shi. Ba a yin rufi shimfiɗaɗɗe mai faɗi. Ana lanƙwasa shi ya yi bakan gizo ko ƙubba-ƙubba, saboda dutsen toka yana jure danni amma ba ya jure ja, kuma shimfiɗaɗɗen rufi daga tsakiyarsa yake fara tsagewa. Shi ya sa ɗakunan ƙanana ne, mita 3 zuwa 4 a faɗi, tsayi kusan mita 2. Wanda ke son fili ya fi haka sai ya bar ginshiƙi a tsakiya ko ya buɗe wani ɗaki ta ciki. Alkuki na ajiye fitila, wurin jera shimfiɗa, rumbun hatsi, komin dabbobi, duk a jikin bango ake fitar da su. Mai wannan aiki ba ya ƙara komai, ragewa kawai yake yi, kuma abin da ya sare ba ya dawowa. Kuskuren rana ɗaya yana zama a gidan har jikoki.

Tsibi guda kan ɗauki hawa biyu zuwa huɗu. Dabbobi a ƙasa, mutane a sama, ajiya a can ƙarshe inda wuri ya tsuke. Ba don ƙarancin fili kaɗai aka yi haka ba: ɗumin jikin tumaki da shanu yana hawa sama da hunturu. Tagogi ƙanana ne, bango kuwa a wasu wurare ya kusa mita 2.

A nan akwai maganar da masu tallan yawon buɗe ido ke yawan faɗa, cewa gidan dutse yana da ɗumi a lokacin sanyi, yana da sanyi a lokacin zafi. Gaskiya ce, amma a fahimce ta daidai. Dutsen ba ya ƙirƙirar ɗumi, jinkirta sauyi yake yi. Bambancin zafin rana da sanyin dare yakan mutu kafin ya ratsa rabin mita. Bambancin bazara da hunturu yana shiga fiye da haka, amma a raunane kuma a makare, ta yadda bango mai kauri kan riƙe ragowar zafin bazara har hunturu ya kama. Idan aka yi zurfin mita 8 zuwa 10, yanayi ya daina motsi gaba ɗaya, ya tsaya a kan matsakaicin zafin shekarar wurin. To matsakaicin zafin ƙauyen da ke mita 2,000 a arewacin Iran ba ɗumi ba ne a wurin mutumin Sakkwato ko Maraɗi. Ɗakin da ba a hura wuta a ciki ba, zai ji masa kamar tsakiyar hunturu. Amfanin dutsen shi ne wuta kaɗan ta isa, kuma ɗumin da aka tara ba ya gudu. Ka tafi da rigar sanyi ko a watan Yuli ne.

Abin da ke kashe waɗannan gidaje ruwa ne, kuma ta hanyoyi da yawa. Gwajin da aka yi wa dutsen tokar Kapadokiya a Turkiyya, wanda ɗan'uwan wannan ne, ya nuna jiƙaƙƙe yana rasa fiye da rabin ƙarfinsa. Ruwan da ya shiga ramuka ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya narke da rana, ya sake daskarewa da dare, haka sau da yawa a hunturu guda, har fatar dutsen ta fara ɓarewa falle-falle. Daga ƙasa kuma danshi na hawa jikin bango, yana ɗauke da gishiri. Inda ya bushe, gishirin ya daskare a cikin ramuka ya farfasa su. Shi ya sa gindin tsibi yake zaizayewa kafin samansa, ya tsuke, nauyin da ke kai bai ragu ba. Duk tsibin da ka ga ƙugunsa ya sirance a daidai gwiwar mutum, yana cikin matsala.

Mutanen da sun san maganin wannan ba tare da sun karanta shi ba. Suna share dusar ƙanƙara daga gindin bango, suna yanka magudana a jikin dutse don ruwa ya bi gefe, suna barin iska ta ratsa. Hayaƙin murhu da tanderu yana busar da ɗaki, kunkunniya kuma ta lulluɓe rufi ta rage zubar gari. Matsalar ta ƙaru ne da kayan zamani. An shigo da famfo, kuma bututun da ke ɗiga a cikin bango ba wanda ke gani sai dutsen ya ruɓe. An haƙa masai kusa da tushe. An shafe bango da siminti da tayil da fenti mai sheƙi don ya yi kyau. Duk wanda ya taɓa ganin yadda filastar siminti ke ɓallowa daga ginin ƙasa da yaɓen a manne a bayanta ya san abin da ke faruwa: simintin ya kulle danshi a ciki, bangon ya ci kansa a ɓoye, ranar da ya faɗo ya tafi da naman bangon. Abin da dutsen toka ke so shi ne shafe mai numfashi, farar ƙasa ko yumɓu, wanda ya fi dutsen laushi, don lalacewa ta faɗa kan shafen a sake shi, ba kan dutsen ba. Sai kuma kwaɗayin faɗaɗa ɗaki don a saukar da baƙi, a cire ginshiƙi, a sirantar da bango, a ɗora ɗakin bulo a inda ba a yi shi don ɗaukar kaya ba.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, an ga ƙarshensa a wasu wurare. A Zelve da ke Kapadokiya, gwamnatin Turkiyya ta kwashe mazauna a 1952 saboda duwatsun sun fara ruftawa. Birnin sufayen Kirista na Vardzia a Jojiya, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 12, girgizar ƙasa ta 1283 ta zubar da fuskarsa, ɗakunan da a da ke ɓoye suka bayyana a fili. Yankin Tabriz shi ma na girgizar ƙasa ne. A watan Agustan 2012 girgiza biyu a kusa da Ahar da Varzaqan, a lardi ɗaya da Kandovan, sun kashe kimanin mutum 300.

Iska ma abin lura ce ga mai kwana. Ɗaki mai ƙofa ɗaya da ƙaramar taga, idan aka kunna gawayi ko hitar gas aka rufe, gubar da ke cikin hayaƙin janareto ita ce ke taruwa, ba wari ba launi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da dare alama ce ta a fita waje nan take. Kafin ka kwanta ka duba cewa hitar tana da bututun fitar da hayaƙi, ka bar kafa a buɗe. A wasu ƙauyukan Kapadokiya uku, Karain da Tuzkoy da Sarihidir, an gano cewa dutsen na ɗauke da wani ma'adini mai siraran zare da ake shaƙa, wanda ya haddasa sankarar fatar huhu mai yawa a tsakanin waɗanda suka girma a can. Wannan na waɗancan wuraren ne, ba kowane dutsen toka ba, amma ya isa hujjar kada baƙo ya riƙa kankare bango don tsaraba.

Idan sha'awarka gidan dutse ne da gaske, Iran na da wani da ya fi Kandovan tsufa a tsari, wato Meymand, kusa da Shahr-e Babak a lardin Kerman, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2015. Can ba tsibi ba ne. An yanka hanya a jikin gangare, an bi ta a kwance har dutsen ya yi tsayin ƙofa, sannan aka buɗe ɗakuna a ƙarshenta. Irin waɗannan gidaje sun kai 400, hawa-hawa, rufin wani shi ne farfajiyar wani, har da masallaci da gidan wanka a cikin dutse. Mutanensa makiyaya ne masu zama uku a shekara: da hunturu a kogo, da wucewar sanyi a fili tare da garke, da zafi a lambunan kan tudu.

Na san wata tambaya za ta biyo baya, domin duk Musulmin da ya ji gidajen da aka sassaƙa a duwatsu zai tuna Samudawa, waɗanda aka ambata a Suratul A'araf da Hijri da Shu'ara'i. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na kada a shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka, a kan Hijr ya zo, lokacin tafiyar Tabuka, wurin da yau ake kira Mada'in Salih kusa da Al-Ula a Saudiyya. Kandovan ƙauyen Musulmi ne masu rai, da masallacinsu. Hukuncin ziyarar Hijr kuwa na malamai ne, a tambaye su.

Yanzu maganar tafiya. Mutane sun kasu biyu a kanta, kuma kowane ɓangare rabin gaskiya yake riƙe da shi. Waɗanda ba su je ba suna jin sunan ƙasar sai su ga bam a kowace kusurwa. Waɗanda suka je suka dawo lafiya sukan ce gani ya kori ji, duk farfagandar Turawa ce, ba su taɓa ganin mutane masu karamci irin Iraniyawa ba. Karamcin gaskiya ne. Za a gayyace ka shayi, mai shago zai ce ka bar kuɗinka, sata da fashi a kan titi ba su kai na manyan birane da yawa na duniya ba. Mu ma mun san zafin a shafa wa yanki guda jan fenti a taswira: ma'aikatun harkokin wajen Turai da Amurka sun daɗe suna gargaɗin mutanensu game da arewacin Najeriya da Nijar, alhali miliyoyi na cin kasuwa a Kano da Damagaram kullum. Amma mun kuma san gargaɗin ba ƙarya ba ne zalla, domin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ya faru. Abin da ya dace a tambaya ba wai ƙasa na da haɗari ko babu ba. A tambaya wane irin haɗari, a ina, yaushe, kuma ga mai wane fasfo.

Haɗarin Iran ga baƙo ba daga talakawanta yake ba, kuma karamcinsu ba ya kare ka daga gare shi. Na farko shi ne kamun jami'an tsaro a kan zargin leƙen asiri. Wani Bafaranshe mai yawon buɗe ido, Benjamin Brière, an kama shi a Mayun 2020 bayan ya tashi ƙaramin jirgi maras matuƙi yana ɗaukar hoto kusa da iyakar Turkmenistan, bai fito ba sai Mayun 2023. Nazanin Zaghari-Ratcliffe, mai fasfon Iran da na Birtaniya, ta je ganin iyayenta a 2016, ba ta koma gida ba sai 2022. Wannan ya fi faɗawa kan masu fasfon Turai da Amurka da masu fasfo biyu, saboda ana amfani da su wajen ciniki tsakanin gwamnatoci. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba shi ne abin farauta ba, amma dokar ɗaukar hoto ba ta san fasfo ba, kuma idan ya shiga hannu, matsin lambar da za a yi don a sake shi bai kai na waɗancan ba. Bahaushen da ke zaune a Ingila ko Kanada ko Amurka da fasfon can, lissafinsa daban ne ƙwarai, kuma shawarata gare shi ita ce ya haƙura. Ɗan jarida, mai bincike, ma'aikacin ƙungiyar agaji, tsohon soja ko jami'in tsaro, da duk wanda fasfonsa ko wayarsa ke nuna alaƙa da Isra'ila, su ma haka.

Na biyu shi ne rikicin da ke ɓarkewa dare ɗaya. A ranar 8 ga Janairun 2020 dakarun Iran sun harbo jirgin fasinjan Ukraine jim kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka mutu. A Nuwamban 2019 an katse intanet a ƙasar kusan mako guda. A Satumban 2022 zanga-zanga ta bazu bayan mutuwar wata matashiya, Mahsa Amini, da 'yan sanda suka tsare. A ranar 13 ga Yunin 2025 Isra'ila ta fara kai hare-hare, aka yi yaƙin kwana 12, aka rufe sararin samaniya, kuma Tabriz na cikin biranen da aka kai wa hari. Baƙin da suka fita a lokacin ta ƙasa suka bi, zuwa Armeniya ko Turkiyya ko Azarbaijan ko Turkmenistan. A nan ne mai koren fasfo ya kamata ya tsaya ya yi tunani sosai. Bature na isa iyakar Armeniya ko Turkiyya ya wuce cikin sauƙi. Ɗan Najeriya biza ake nema a wurinsa a duk waɗannan iyakoki. Tabriz na kusa da ƙasashe uku, amma kusanci ba ya buɗe ƙofa. Wanda zai je ya riƙe bizar wata maƙwabciya mai aiki kafin ya tashi, ta Turkiyya ce ta fi dacewa, kuma ya sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa a Tehran isowarsa da inda zai sauka.

Na uku shi ne kuɗi, kuma shi ne ya fi kama mutane. Saboda takunkumi, katin Visa da Mastercard ba sa aiki a Iran, ba a na'urar cire kuɗi ba, ba a otal ba, kuma 'yan'uwa ba za su iya turo maka ta banki ba. Kuɗin tafiyar gaba ɗaya a hannu za ka shiga da shi, dala ko yuro, sababbi marasa yaga, ka ƙara na aƙalla mako guda da na sabon tikiti a kai, ka raba su wuri biyu ko uku. Canji a shagon canji mai lasisi ake yi, kaɗan-kaɗan, domin darajar riyal na zubewa: a 2025 dala ɗaya ta haura riyal miliyan ɗaya a kasuwa. Takardar kuɗi da riyal aka rubuta ta, amma a baki da toman ake ciniki, toman ɗaya riyal 10 ne, kuma sukan yar da sifili uku a magana. Ka sa a rubuta maka farashi a waya kafin ka biya. Inshora kuma ka karanta ta da kyau. Yawancinsu sun cire yaƙi da tarzoma, wasu sun cire Iran ɗungurungum, ita kuwa hukumar can tana son ganin wadda ta ambaci ƙasar da suna.

Akwai abin da zai biyo ka bayan ka dawo. Fom ɗin bizar Amurka yana tambayar ƙasashen da ka je cikin shekara 5, kuma ɓoyewa ta fi zuwan muni. Mai fasfon ƙasar da ke shiga Amurka ba biza, idan ya taka Iran daga 1 ga Maris 2011 zuwa yau, ya rasa wannan damar. A gida kuma, tun bayan abin da ya faru a Zariya a Disamban 2015 da haramta ƙungiyar 'yan Shi'a ta IMN a 2019, tafiya Iran daga Arewa na iya jawo tambayoyi a filin jirgi da zato a unguwa. Ka riƙe takardun otal da tsarin tafiyarka. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa, ko ƙulli ko magani ko jaka, domin safarar ƙwaya a Iran hukuncinta na kai wa kisa. Maganin da kake sha ma ka tafi da shi a kwalinsa da takardar likita, musamman mai kodin ko taramol.

Sai batun ko zuwan goyon bayan gwamnati ne. Ba zan raina wanda ya ƙi zuwa don wannan ba, domin kuɗin biza da haraji aljihun hukuma suke shiga, kuma gwamnatoci na son hoton baƙi masu murmushi. Sai dai a ganina kuɗin ɗan yawon buɗe ido ba shi ke riƙe da gwamnatin da ke sayar da man fetur ba, alhali rashinsa yana jin jiki a gidan mai sayar da zuma da busassun 'ya'yan itace a Kandovan, da direban da ke jigila daga Osku. Mutanen Agadas da ƙasar Dogon a Mali sun san abin da ke faruwa idan baƙi suka ɗauke ƙafa: 'yan jagora da maƙera da masu masauki ne suka talauce. A gidan dutse abin ya fi haka, domin gidan da aka bari ba hayaƙi, ba mai share magudana, ba mai lura da tsaga, shi ke fara ruftawa. Idan ka je, ka zaɓi inda kuɗinka ke sauka: masaukin iyali, abincin ƙauye, tsaraba daga hannun mai yi.

Nauyin da ya fi wannan shi ne na mai masaukinka. Iraniyawa da yawa za su buɗe maka ciki su soki gwamnatinsu a mota ko a kan shimfiɗar abinci. Ka saurara, kada ka ɗauka a waya, kada ka rubuta da suna, kada ka sa fuskar kowa a Facebook ko TikTok tare da irin wannan magana, ko bayan ka dawo. Kai za ka hau jirgi, shi yana nan. Haka musun Sunna da Shi'a, ba shi ya kai ka ba. Taron zanga-zanga ko daga nesa ba a tsayawa kallo, balle hoto. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, tashar wuta, gada, bakin iyaka, duk wayarka ta zauna a aljihu. Jirgi maras matuƙi kuwa kada ma ya shiga jakarka. Mace dole ta rufe kai da jiki a bainar jama'a, namiji ba ya yawo da gajeren wando, giya haramun ce a doka. Lardin Sistan da Baluchistan da bakin iyakar Iraƙi da Afganistan da Pakistan ba wurin baƙo ba ne ko a lokacin lumana.

A cikin ƙauyen kansa, ka tuna gidan mutane ne. Wasu iyalai sun buɗe ɗaki ɗaya suna sayar da kaya, nan ake shiga, a cire takalmi, a sayi wani abu ko a ba da ɗan ihsani. Ƙofar da ba a kira ka ba ba a leƙa ta, mata ba a ɗaukar su hoto sai da izini, kuma abin da kake takawa a matsayin tudu yana iya zama rufin wani. Matakalar dutse ce mai santsi, dabbobi na bi, ka sa takalmi mai riƙo. Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa farkon Oktoba. Da hunturu dusar ƙanƙara kan wahalar da hanya. Hutun Nauruz, wato sabuwar shekarar Iraniyawa, mako biyu daga 20 ko 21 ga Maris, da ranakun Alhamis da Juma'a, ƙauyen na cika da 'yan ƙasa. Daga Tabriz tafiyar mota ce ta sa'a ɗaya da 'yan mintoci, kuma gara ka yi jinga da direba ya jira ka. Akwai otal ɗin da aka sassaƙa a dutse a gefen ƙauyen ga mai son kwana. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an yada zango a Istanbul ko Doha ko Dubai.

Hukuncina shi ne: idan fasfonka ɗaya ne na Najeriya ko Nijar ko Ghana, aikinka ba ya cikin waɗanda na lissafa, kana da tsabar kuɗin da ta wuce buƙata da bizar fita ta ƙasa, kuma an shafe watanni ba hari ba tarzoma, tafiyar mai yiwuwa ce. Ma'aunin da ya fi jawabin 'yan siyasa gaskiya shi ne kamfanonin jiragen waje. Idan suna soke tashi zuwa Tehran da Tabriz, ko ofisoshin jakadanci na janye iyalan ma'aikatansu, ko an fara rage intanet, kada ka je, ko ka riga ka biya, kuma ka sayi tikitin da ake iya sauya ranarsa tun farko. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su tuna an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Idan sharuɗɗan nan ba su cika ba, Kapadokiya na da irin dutsen nan da faɗin da ya ninka na Kandovan sau da yawa: kwarin Goreme da UNESCO ta amince da shi a 1985, birnin ƙarƙashin ƙasa na Derinkuyu da aka sake ganowa a 1963, mai hawa-hawa da rijiyoyin iska da ƙofofin dutse masu mirginawa, da kogunan Ortahisar inda har yau ake ajiye lemon tsami saboda sanyinsu. Ana zuwa ta jirgi daga Istanbul zuwa Kayseri ko Nevsehir, katin banki na aiki, kuma bizar Turkiyyar da za ka nema don Iran ita ce dai za ta kai ka can. Abin da za ka rasa shi ne yawancin kogunan sun koma otal da gidan tarihi, tumaki a hawan ƙasa da iyali a sama sai a Kandovan.